Yadda Za a Tara Kuɗin Gyaran Majami'ar Ƙauye da Gara Ta Cinye

Kafin a roƙi kowa ko dala ɗaya, dattawan ikilisiya su kira kafinta ya ƙwanƙwasa kowace azara da kowane benci, domin gara tana cin katako ne daga ciki, ta bar bayansa kamar lafiyayye. Ya rubuta abin da za a sauya da kuɗinsa, har da na maganin gara da na tone gidanta, in ba haka ba za ta dawo.

A ƙauyukan Maradi lokacin kaka ya fi dacewa da wannan roƙo, tun da manomin da ba shi da jaka biyar a hannu yana iya kawo damin gero ko tiyar wake a matsayin baiko. Idan rufin zai iya jira, a adana hatsin sai bazara, lokacin da yakan yi tsada, sannan a sayar. A kuma tuna wa 'yan ci-rani da ke Yamai da Kano.

Kada ma'aji ya ƙirga kuɗi shi kaɗai. Mutum biyu su sa hannu, a karanta lissafi kowace Lahadi. Wajen sayayya kuwa, azarar giginya ta fi jure wa gara, kuma a gama rufi kafin ruwan Yuni.