Kafin ka kashe kuɗi a kan wili mara nauyi

Ɗan uwa mai keken tsere, gyara zamanka tukuna.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya mara tudu, da ka kai kilomita 30 a awa, iska ce ke cinye yawancin ƙarfinka. Kuma jikinka ya fi wili tare iska, nesa ba kusa ba.

Sunkuya, ka lanƙwasa gwiwar hannu. Rigar nan mai kaɗawa kamar tuta, ajiye ta gida. Ko sisi ba ka kashe ba.

Ragin giram 300 a wili fa? In kai da keke kun kai kilo 80, ko rabin kashi 1 cikin 100 bai kai ba.

Amma a tudu irin Hawan Kibo na hanyar Jos, gudu ya ragu, nan nauyi ke magana.

Wili mai zurfin baki, wato wanda da'irar da taya ke zama a kai ta yi faɗi zuwa ciki, yana yanka iska, gaskiya. Sai dai in iskar hunturu ta bugo ta gefe, fizge maka kan keke zai yi.