Yadda na shawo kan fushin da nake shiga gida da shi

Kusan kullum da magariba sai mun samu saɓani da uwargida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kafin ta rufe baki zuciyata ta fara bugawa da sauri, kafaɗuna sun ɗaure, murya ta tashi.

Da farko na ɗauka matsin kuɗi ne, amma albashi ya shigo rigima tana nan. Na gwada yin shiru, abin ya koma gaba. Aka auna min hawan jini, lafiya lau.

Ashe jikin ne ba ya sauka daga gajiyar aiki da ta hanya. Na fara da daina shayi da goro bayan la'asar, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu, mai hana barci, yakan yi kimanin awa 5 rabinsa bai bar jiki ba. Barci ya gyaru.

Sai babban matakin: idan na iso ba na shiga kai tsaye. Nakan zauna a dakali minti 5, in ja numfashi ta hanci ina ƙirga 4, in sake shi a hankali ina ƙirga 6. Fitarwar ce ke aikin, in ta fi shaƙar tsawo bugun zuciya yakan lafa. Waya kuwa tana aljihu, in ba haka ba aikin banza ne.

In magana ta yi zafi a ciki, nakan zauna, kamar yadda hadisin Abu Dawud ya koyar da mai fushi. In ce, "Maman yara, ba ni minti 20," in yi alwala, in dawo mu ƙarasa zancen. Dawowar dole ce, kada ta ɗauka guje mata na yi.

Alhamdu lillahi, ita ma na gode mata da haƙurinta.