Yadda ake sa sababbin robobi, ƙarafan ado da gaskit a tsohuwar mota

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya yi shekaru da dama yana haɗa ta tun daga 1975, shi ya sa har yau ba a rasa mai farfaɗo da ita. Matsalar ita ce robobinta na asali sun yi wuya. Abin da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, yawanci na kwaikwayo ne, kuma da wuya ya zauna daram a karon farko. Haka abin yake ga masu Volkswagen Beetle da Mercedes W123. Don haka a gwada kowane kaya a jikin mota kafin fenti, ba tare da gam ba.

Kada a yar da tsohuwar roba ko da ta bushe ta tsattsage. A yanki guntu, a jera bakin yankan da na sabuwar, a duba kauri da zurfin ramin da ke kama ƙarfe. Bambancin milimita 2 ya isa ya hana ƙofa rufuwa. Robar ƙofa da ta gilashi mai kyau irin wadda ake kira EPDM ce, tana jure rana amma ba ta shiri da mai. Giris ko baƙin mai kumbura ta suke yi, saboda haka ruwan sabulu mai sauƙi ko giliserin ake shafa mata. Feshin silikon yana aiki, sai dai kada ya kusanci motar da ba a gama yi wa fenti ba, don yana sa fenti ya yi ramuka.

Kafin a taɓa robar ƙofa, a shanya ta a rana kamar rabin awa ta yi laushi, sannan a goge bayanta da sifirit, domin akwai santsin da take fitowa da shi daga masana'anta wanda ke hana gam kamawa. A kankare tsohon gam da tsatsa daga ramin ƙofar, a shafa maganin tsatsa ya bushe. Gam kaɗan ake sawa a roba da ƙarfe duka, a jira minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa. A fara da kusurwoyin sama. Dannawa ake yi, ba a ja. Robar da aka ja takan koma yadda take bayan 'yan makonni, ta bar giɓi a kusurwa. A yanke ta da rarar santimita 1, a haɗa bakunan a ƙasan ƙofa, a kuma tabbata ba ta toshe hudojin fitar ruwa ba. Idan ƙofa ta ƙi rufuwa sai da bugu, a sassauta ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin mota, a fito da shi kaɗan, a bar ƙofofin a rufe mako guda ko biyu, sannan a mayar da shi wurinsa.

Gilashin gaba shi ne inda aka fi yin asara. Aikin mutum biyu ne, da igiyar nailan mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Ana fara sa roba a jikin gilashi. A Beetle da W123 siririn ƙarfen adon da ke zagaye gilashin yana shiga robar tun tana kan tebur. Wanda ya bari sai gilashi ya hau mota zai lanƙwasa shi a banza. Sai a zura igiya cikin ramin da zai kama bakin ƙarfen mota, bakunanta su haɗu a tsakiyar ƙasa, su wuce juna da kamar taƙi guda. A ɗora gilashin daga waje, a daidaita giɓin hagu da dama. Na cikin mota yana jan igiya a hankali, kaɗan ta nan kaɗan ta can, na waje yana bin wurin da tafin hannu a buɗe. Babu dundu, domin gilashi mai ruɓi biyu tsagewa yake yi nan take. A kusurwa robar kwaikwayo ta fi yagewa, don haka a ƙara ruwan sabulu, a riƙa juya igiyar maimakon fizga. In leɓen robar ya kuɓuce da yawa, gara a sauke gilashin a sake daga farko, da a cusa sukundireba. In ana buƙatar abin hana yoyo, a nemi irin na butil da ba ya daskarewa. Silikon ɗin banɗaki mai warin tsami tsatsa yake haifarwa a ƙarƙashin roba.

Ƙarafan adon gefen mota da tambari ba su da wahala in an gwada su da wuri. Hudojin sabo sau da yawa ba sa yin daidai da na mota, kuma gyaran hudo kafin fenti ake yi, a shafe bakinsa da maganin tsatsa. Bayan fenti hudo kan matse, sai a share shi da bakin dirin (abin huda ƙarfe) a hannu. A liƙa tef ɗin takarda sama da ƙasan layin, a danna da hannu daidai kan kowane kilif, wato ɗan maƙalin da ke riƙe ƙarfen adon a jikin mota. Tsofaffin kilif na asali, in suna da rai, sun fi sababbi kamawa.

A wajen inji kuwa, yawancin yoyon da ake ɗora wa sabon gaskit laifin ƙarfe ne. Bakin murfin bawul da na kaskon baƙin mai yakan lotsa a kewayen kowane noti saboda tsohon ɗauri. A miƙe shi da ƙaramar guduma a kan ƙarfe mai lebur. Gaskit na kok (irin abin da ake toshe bakin kwalaba da shi) da ya daɗe a shago yakan tsuke, minti kaɗan a ruwan ɗumi sai ya dawo. Ƙananan noti masu milimita 6 ba sa son ɗaurin da ya wuce Nm 8 zuwa 10 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), in aka wuce haka gaskit ya tsage. Silikon ɗigo kawai yake buƙata a mahaɗa, don rararsa tana gutsurewa ta toshe rariyar famfon mai.

Gaskit na kan inji a bushe ake sa shi. A ɗora shi a kan tsohon a ƙirga hudojin ruwa da na mai, a auna kauri, a kuma gwada fuskar kan da ƙarfe miƙaƙƙe ko ta karkace. Injin fetur na 504 mai cc 1971 silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, zaune suke cikin ruwa, kan inji ne ke danne su. Wajen cirewa ana goce kan injin zuwa gefe ne tukuna kafin a ɗaga, kuma ba a juya inji sai an danne silib da noti da faffaɗan washa. In suka motsa, ruwa zai gangara cikin baƙin mai komai kyan gaskit ɗin. Ɗauri daga tsakiya ake farawa zuwa waje, hawa-hawa, da sifana mai awon ƙarfi bisa adadin littafin motar, a sake ɗaurewa a lokacin da littafin ya faɗa, inji yana sanyi, sannan a sake saita bawul.