Kurakuran da aka fi yi wajen nuna rayuwar birni a fim da littafi

Tun wajajen 2007, a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune. Ke nan yawancin masu kallo da masu karatu sun san birni ciki da bai, da an yi musu ƙarya suna ganewa. Duk da haka akwai kurakuran da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa.

Babba a cikinsu shi ne kallon birni daga sama. Fim ya buɗe da jirgi mara matuƙi yana shawagi kan dogayen benaye da gadoji da fitilun dare, sai a yanke a faɗa falo, shi ke nan an sallami birnin. Ai ba wanda yake rayuwa a can sama. A sauko da kyamara daidai idon mai tafiya a ƙasa. Haka Ousmane Sembène, mai shirya fim ɗan Senegal, ya yi a 1963 da Borom Sarret, gajeren fim na kusan minti 20. Ya bi wani mai keken doki a Dakar tun da safe yana jigilar mutane, har wani fasinja ya ja shi zuwa unguwar masu hali inda aka hana irin kekensa shiga, ɗan sanda ya ƙwace keken. A wuni guda mai kallo ya ga inda iyaka take tsakanin talaka da mai kuɗi, kuma a ƙafa ya gan ta.

Sai tsohon labarin nan na yarinya ko yaron da ya baro ƙauye da tarbiyya, birni ya lalata shi. Ana lalacewa a birni, babu musu. Amma idan wannan kaɗai marubuci yake gani, ya zalunci miliyoyin da neman aiki, karatu, asibiti ko gudun fari da rikici ya kawo su, suka kuma riƙe mutuncinsu. Kafin ka sauke jaruminka a tasha, tambayi kanka me ya kawo shi, wa zai tarbe shi, a ɗakin wa zai kwana daren farko.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mutanen da ba su da sana'a. Kullum suna kan kujera cikin ado, ba a san inda kuɗi yake fitowa ba. Alhali aiki da haya da zirga-zirga su ne ƙashin bayan zaman birni. Leƙa gidan haya da asuba: layin banɗaki, bokiti a gaban kowace ƙofa, mace na guga da sauri kafin a ɗauke wuta, maƙwabci na kauce wa idon mai gida don wata ya ƙare. Cikin wannan tsakar gida kaɗai akwai rigima da soyayya da rufin asiri da za su cika littafi. Najib Mahfuz, marubucin Masar da ya karɓi kyautar Nobel a 1988, a lungu ɗaya na Alƙahira ya gina littafinsa Zuƙaƙ al-Midaƙ na 1947, kuma da sana'a ya gabatar da mazaunansa: mai aski, mai gidan gahawa, mai gasa burodi. Ka ba kowane mutum a labarinka abin yi da abin da yake tsoron rasawa.

Sauti ma ana wasa da shi. A lulluɓe titi da kiɗa, a kashe hon da janareta da kiran kwandasta. Maimakon haka, a naɗi sautin wurin, a bar shi ya yi magana.

Akwai kuma mayar da talauci abin kallo. Kyamara ta shiga unguwar marasa galihu ta ɗauki bola da kwata da yara tsirara, ta fice ba ta san sunan kowa ba. Wannan cin fuska ne. A nemi izini, a zauna da mutanen, a nuna teloli da malamai da masu gyaran waya da ke cikinta.

Wayar ita kanta kada a manta da ita. Da ita ɗan birnin yau yake neman aiki, ya tura kuɗi gida, ya yi faɗa ya shirya. Labarin da aka ƙulla kan cewa wani ya kasa samun wani na kwana biyu sai ya bayyana inda wayoyinsu suka shiga.