Yadda Ake Tantance Ƙarfin Rodi Kafin a Zuba Kankare

Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ya danne shi, amma da an ja shi sai ya tsage. Abin da yake jurewa na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na danni ba. Shi ya sa ake sa masa rodi. Idan nauyi ya hau tsakiyar linta, samanta na matsewa, ƙasanta na buɗewa, rodin da ke ƙasan ne yake hana ta rabewa. Da zarar an zuba kankare kuma, ba mai sake ganinsa, don haka duk binciken da za a yi, tun yana ƙasa ake yinsa.

Ka fara da takardar zanen injiniya. A can aka rubuta kaurin rodin da darajar ƙarfinsa, yawanci 460 ko 500, bisa ƙa'idar Birtaniya ta BS 4449 wadda injiniyoyinmu suka saba da ita. Lamba 500 na nufin kowace murabba'in milimita ta bakin rodin za ta jure jan niyuton 500 (niyuton ma'aunin ƙarfin ja ne) kafin ƙarfen ya fara sallamawa. Ga rodi mai milimita 12, wanda faɗin bakinsa murabba'in milimita 113 ne, wannan ya kai nauyin tan 5.8 ke nan a rataye.

Daga nan sai kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko wajen dillalin garinku. Duba jikin rodin ka ga tambarin masana'anta da lambar da aka buga tsakanin tudun zanen jikinsa. Wanda ba shi da shaida, ba ka san wanda za ka kama ba in magana ta taso. Tsatsa ja-ja ta sama ba komai ba ce. Wadda take ɓanɓarowa ta bar ramuka ita ce abin gudu.

Mataki na uku shi ne awo, kuma a ganina shi ne wanda ya fi kowanne amfani ga mai ƙaramin gini, don ba ya cin ko kwabo. Kada ka dogara da ido ko ma'aunin kauri, saboda tudun zanen jikin rodi na ruɗar awo. Sikeli za ka nema. A yanko maka mita ɗaya cif, a ɗora. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka kaurin da kansa, ka raba da 162, abin da ya fito shi ne kilo nawa mita ɗaya ya kamata ta yi. Mai 10 zai ba ka kilo 0.617, mai 12 kilo 0.888, mai 16 kilo 1.58. Ƙa'idar ta yarda da ragin kashi 4.5 cikin ɗari, wato mai 12 bai kamata ya yi ƙasa da kilo 0.848 ba. In ka ga allura ta tsaya wajen 0.75, mai 11 aka sayar maka da sunan 12. Milimita ɗaya ce tak, amma kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen ya tafi. A tan guda ma ana ganewa: cikakken mai 12 mai tsawon mita 12 sanda 94 ne ko kusa da haka. Dillalin da ya ce tan ɗinsa ya fi na kowa yawan sanda, ba kyauta ya yi maka ba.

Sai lanƙwasawa. Ka ba mai ɗaurin rodi guntu ya lanƙwasa a kan teburinsa, a kewaye ƙarfen da kaurinsa ya ninka na rodin sau huɗu, wato kusan milimita 48 ga mai 12. A sanyi za a yi, ba wuta. Duba bayan gwiwar: in ta tsattsage, ko rodin ya ɓalle kamar busasshen kara, yana da gautsi. Galibi hakan na zuwa ne daga narka tarkacen 'yan gwangwan ba tare da an daidaita sinadarin kabon da sauran gauraye ba. Narka tsohon ƙarfe ba laifi ba ne, duniya duk ana yi; rashin kula da abin da aka zuba a tukunyar shi ne matsalar.

Waɗannan duk gwajin fili ne. Idan bene za ka ɗora, sai an je ɗakin gwaji, irin na sassan koyar da injiniyan gine-gine a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Kai ko injiniyanka za ku zaɓi samfurin, ba dillali ba: guda uku daga kowane kauri, daga ɗauri daban-daban, kowane kusan mita ɗaya, a yanka da zarto ko almakashin rodi, don wutar walda na sauya halin ƙarfe.

A can za a yi alama biyu a jikin rodin, tazararsu ninki biyar na kaurinsa, milimita 60 ga mai 12. Injin zai damƙe bakin biyu ya riƙa ja a hankali. Da farko rodin na miƙewa kaɗan, in aka sake shi ya koma yadda yake. Can sai a kai gaɓar da ya sallama, yana ta miƙewa alhali jan bai ƙaru ba. Bayan nan ya sake taurarewa har jan ya kai ƙololuwa, sannan wani wuri ya tsuke ya yi wuya, ya tsinke.

Lamba uku za ka nema a takardar sakamako. Ta farko ita ce gaɓar sallamawa, wadda injiniya ya gina lissafinsa a kai. Idan mai 12 ya sallama a kiloniyuton 50, wato niyuton 50,000, ka raba 50,000 da 113, za ka samu 442. Bai kai 460 ba, balle 500. Ta biyu ƙololuwar jan da ya jure, kuma ga darajar B500B, wato wani rukuni na rodi mai daraja 500, dole ta zarce ta farkon da aƙalla kashi 8 cikin ɗari. Ta uku miƙewa: a haɗa guntayen biyu a sake auna tazarar alamomin. Tsohuwar ƙa'idar 460B ta nemi kashi 14 cikin ɗari, wato 60 ɗin nan ta koma 68 da ɗoriya.

Wannan ta ukun ake yawan tsallakewa, a ga babbar lamba a sama a yi murna. Rodi mai tauri marar miƙewa yana iya wuce 600 ya kuma tsinke farat ɗaya. Mai danƙo kuwa, in nauyi ya fi ƙarfinsa, linta za ta saki ciki, kankare ya tsage a gani, mutane su samu sararin fita kafin rufin ya sauko.

Idan samfuri ya faɗi, a sake ɗebo wasu daga kayan nan a gwada. In sun sake faɗuwa, a mayar da lodin gaba ɗaya, shi ya sa yake da kyau ku yi wannan sharaɗi da dillali a rubuce tun kafin biya. Kada magini ya ce zai ƙara sanda ɗaya ya cike giɓi ba da sanin injiniya ba. Wanda ya ci gwaji kuma a jera shi a kan katako, nesa da laka da baƙin mai, don maiƙo na hana kankare kama shi.