Yadda Ake Gyara Tsohon Akwatin Ƙarfe Mai Zane Ba Tare da An Kashe Fentinsa Ba

A gidajen Birni da Zango a Damagaram, ba a rasa tsohon akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki, irin wanda iyaye mata suka shigo da shi ɗakin aure, mai furanni ja da kore. Darajarsa tana cikin wannan fentin na asali. Wanda ya kai shi aka sake fesa masa sabo ya zubar da ita.

Da farko a san da me aka yi shi. A kanga masa maganaɗisu: in ya kama, falle ne na ƙarfe, sau da yawa an lulluɓe shi da kuza don kare tsatsa. Sana'ar yin zane a kan irin wannan falle ta yi suna a garin Pontypool na ƙasar Wales a ƙarni na 18, Faransawa kuma suna da tasu. Rufin kuzar siriri ne ƙwarai, kuma da zarar ya karce, ƙarfen da ke ƙasa yakan ci tsatsa da sauri a daidai wurin. Shi ya sa tsatsar take fara bin kusurwa, gindi da bakin marfi.

Ƙura ake fara cirewa, a bushe, da burushi mai laushi irin na masu zane. Ƙurar hunturu yashi ce, in aka goge ta da tsumma sai ta kankare fenti. Inda fentin ya ɗago yana ɓarewa, kada a taɓa shi ko da burushin.

Sai wanki, kuma nan aka fi yin ɓarna. A ɗiga sabulun ruwa ɗigo 2 cikin rabin litar ruwa, a naɗa auduga a kan tsinke, a tsoma, a matse sosai. A gwada a bayan akwatin tukuna. In launi ya fito a jikin audugar, a tsaya nan. In bai fito ba, a ci gaba kaɗan-kaɗan, faɗin tafin hannu, ana busarwa nan take da tsumma. Ruwan da ya shige cikin haɗin falle shi ne tsatsar gobe. Fetur, tina da ruwan jabel (bilic na wanki) duk haramun ne a wannan aiki: biyun farko suna narkar da fenti, na ukun yana cin ƙarfe.

Tsatsa kuwa, a inda babu fenti kawai ake taɓa ta, da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da ɗigon man keken ɗinki. A share man tas bayan an gama, a ɗiga ɗigo ɗaya a kowace fata, wato mahaɗin ƙarfe da marfin yake juyawa a kai. Ban da takardar yashi, domin tsohon fenti yakan ƙunshi darma, garinsa guba ne, musamman ga yara. Saboda haka ma ba a ajiye abinci a ciki.

Daga nan a shafa kaki marar launi, irin Renaissance Wax da gidajen tarihi ke amfani da shi, shafa ɗaya siririya, a goge da tsumma mai laushi. In ba a samu ba, gara a bar shi haka da a shafa man gyaɗa, wanda ke danƙo yana tara ƙura.

Wurin ajiya: a ɗora shi kan katako biyu, a janye shi kamar taƙi ɗaya daga bango, saboda laimar damina daga daɓe da bango take hawa. A nisanta shi da taga, don rana takan kashe launi, ja ne ma ya fi saurin koɗewa.