Matakan Sassaƙa Murfin Haƙori na Zirkoniya da Na'ura

Da farko, ka duba bakunan sassaƙa na na'urar, ka canja duk wanda ya dakushe, domin dakusasshen baki shi ke gutsure gefen murfi, inda zai zauna dab da dasashi.

Daga nan ka ɗauko faifan zirkoniya, wato wani farin tangaran mai ƙarfi da ake yin murfin haƙori da shi, ka karanta lambar ƙanƙancewa da kamfani ya buga a jikinsa, ka shigar da ita kwamfuta daidai yadda take. Nan ne wurin natsuwa, saboda zirkoniya tana raguwa da kusan kashi 20 cikin 100 wajen gasawa a tanderu bayan sassaƙa, kuma kowane faifai da tasa lambar. Idan ta kuskure, murfin zai yi sako-sako ko ya ƙi shiga.

Ka tsara mazaunin murfin a cikin faifan a kwamfuta, ka nisanta sandunan riƙo, wato ƙananan sandunan da ke haɗa murfin da faifan, daga gefen murfin da zai zauna dab da dasashi, sannan ka ɗaure faifan sosai ka kunna.

Bayan sassaƙa, ka yanke sandunan a hankali, ka kakkaɓe farin garin da burushi mai laushi, kana ka gasa a tanderu bisa tsarin kamfanin, yawanci wajen digiri 1,500 na Salshiyas. Kada ka buɗe tanderun sai ya huce, gudun tsagewa.